Shaidar Magulmaciya

Shekara ashirin da biyu Baba Ƙanƙara ya yi yana riƙe da mabuɗin ɗakin sanyi a ma'ajiyar magunguna, kuma duk tsawon shekarun nan ko kwalba ɗaya ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ba. Ba sai ka tambaye shi ba, shi da kansa zai faɗa maka. Ya faɗa wa direbobi, ya faɗa wa masu shara, ya faɗa wa manajoji huɗu da suka zo suka tafi suka bar shi. Matarsa ma ta haddace, idan ya ɗauko zancen ita ke ƙarasa masa. Mutumin kirki ne, ba a ce ba, amma irin mutanen kirkin nan ne da ke sa ka gaji da jin labarin kirkinsu.

To, ranar Litinin da safe ya buɗe babban firji, sai iska mai ɗumi ta bugi fuskarsa. Allurar rigakafin yara ce cike a ciki, kwali kan kwali, wadda aka shirya raba wa ƙananan asibitoci goma sha ɗaya a makon. Ita kuwa wannan allura ba ta ɗaukar wasa. Tsakanin digiri biyu da takwas take rayuwa, in ta wuce nan ta zama ruwan banza. Ma'aunin da ke cikin firjin ashirin da shida ya nuna. Baba ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, sannan ya rafka salati, ya bar ƙofar ɗakin a wangale, ya nufi ofishin Manaja da irin gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi.

Kafin su dawo shi da Manaja, Baba ya gama shari'a a ransa, ya yanke hukunci. An ɗauke wuta a unguwar tun safiyar Lahadi har wayewar garin Litinin, kowa ya san wannan. Aikin wa ne tayar da janareta? Aikin Mai Inji. Ga firjin nan yana gurnaninsa lafiya lau a gaban idon Manaja, ba abin da ya same shi, ashe wuta ce bai samu ba. Firizar ƙanƙara da ke gefensa kuwa mai kaurin jiki ce, takan kwana biyu ba wuta ba ta narke ba, saboda haka ba ta da abin faɗa a maganar.

A tsakiyar fili, gaban direbobi da masu dako, Baba ya wanke Mai Inji tas. Shi Mai Inji dogon mutum ne mai sanyin magana, uban 'ya'ya biyar, shekararsa tara a wurin ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

"Baba, wallahi na tayar da inji," in ji shi. "Tun da aka ɗauke har aka dawo da ita ban kashe ba."

"A mafarki ka tayar da shi! Ka shanya baki kana barci, yaran mutane za su rasa allura saboda lalacinka. Kai ko kunya ba ka ji ba?"

Ranar Talata Mai Inji ya zo bakin ƙofar ɗakin sanyi, hularsa a hannu. Ya ce, "Baba, don Allah minti ɗaya, akwai wata magana." Baba ya ce ya adana ta ya faɗa wa kwamiti. Ranar Laraba ya sake zuwa, ko baki bai buɗe ba Baba ya juya masa ƙeya ya turo ƙofa.

Kwamitin daga babban ofishi zai zo, ranar Alhamis da ƙarfe biyu na rana. Manaja bai ɓoye wa kowa ba: asara irin wannan ba ta wucewa sai an sallami wani, kuma wanin nan cikin mutum biyu yake. Baba ya kai masa littafinsa mai baƙin bango, inda yake rubuta zafin firji safe da yamma da rubutunsa mai kyau kamar na buga. Manaja ko buɗewa bai yi ba.

"Baba, Asabar da Lahadi ba ka nan, shafin fayau yake. Kuma su rubutun hannu ba ya ce musu komai. Takardar na'ura suke so."

Na'urar wata 'yar akwati ce, girmanta bai wuce sabulun wanka ba, manne a jikin firji ta waje, da siririyar waya da ta shige ciki. Da batir take aiki, ba ruwanta da wutar gari. Duk minti goma sai ta auna zafin firji ta rubuta a cikinta, tare da rana da lokaci. Ma'aikata suka sa mata suna Magulmaciya, don ba abin da ke wuce ta. Sai dai gulmarta ba ta fitowa sai an ciro ta an jona ta da kwamfutar ofis, sun daidaita, ta juye mata abin da ta tara. Da can Baba ke kai ta duk ƙarshen wata, ya tsaya har ta gama. Ya san halinta sarai: idan ta juye komai takan yi kuka sau biyu, ƙit-ƙit, kamar ɗan tsako.

Wata takwas ke nan rabon da a ji wannan kuka. Tun da aka sauya kwamfutar ofis aka kawo sabuwa, baƙa mai sheƙi, ita da Magulmaciya suka ƙi jituwa. Igiyar na'urar mai faffaɗan kai ce irin ta da, sabuwar kwamfuta kuwa ko ramin da za a soka ta ba ta da shi. Wasiƙa uku Baba ya rubuta a kan haka. Uku ɗin suna can ƙarƙashin kofin shayin Manaja, sun zama abin ɗora kofi.

Shi ya sa da yammacin Laraba ya haɗiye girman kai ya kira Auta.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, tana gyaran kwamfuta a wani shago kusa da babbar kasuwa. Shi likita ya so ta zama, kuma bai taɓa bari ta manta ba. Idan yana jin tsiya yakan kira ta Injiniyar Kusoshi. Ranar Alhamis da ƙarfe tara ta iso da jakar kayan aiki a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi a gaban mutane, ta miƙe ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Yau dai masu kusoshi sun yi rana, ko Baba?" Ya yi kamar bai ji ba.

Sakatariya ta ba su teburinta da ƙyar, tana ta jaddada kada a taɓa mata fayil. Auta ta juya Magulmaciya a tafin hannu, ta leƙa bakinta, ta yi tsaki.

"Baba, wannan yaushe rabonta da wanka? Dubi tsatsa. Ga haƙori ɗaya ma ya lanƙwashe. Wa ya tura mata igiya da ƙarfi?"

"Ni ne. Ranar Juma'a na gwada."

"Ka gwada da me?"

"Da tsohuwar kwamfuta mana. Tana can sito an jefar da ita kamar ba ta taɓa yi wa kowa rana ba. Na ga wata zai ƙare, na ce in ba su damu ba ni na damu. Na kinkimo ta na kai ɗakina. Ƙin tashi ma ta yi, shegiya, sai baƙin allo."

Auta ta zaro fil daga mayafinta tana miƙar da haƙorin a hankali. Ba ta ɗago ba ta ce, "A ina ka jona ta?"

"A bango, da a goshina zan jona?"

"Na ga kamar soket biyu ne kawai a ɗakin. Ɗaya firji, ɗaya firiza."

"Minti goma ne na ari na firji," in ji Baba, muryarsa ta ɗan hau. "Minti goma ba ya yi wa firji komai, duk sanda zan share bayansa haka nake yi. Motar kaya ta iso tana ta hon, na zare kwamfuta, na mayar da filogi da hannuna wannan. Sai da na ji gurnani na kulle ƙofa. Ke za ki koya mini aikina?"

"A'a, Allah ya ba ka haƙuri," ta ce. Ta tsoma tsohon buroshin goge baki a ruwan sifirit ta shiga wanke bakin na'urar.

Daga nan aka shiga kai ruwa rana. Auta ta fito da wata gajeruwar igiya mai kai biyu, ɗaya irin na da, ɗaya irin na yanzu, ta haɗa tsakani. Kwamfuta ta yi ɗan sauti alamar ta ji an soka mata wani abu, sannan ta rubuta cewa ba ta san ko mene ne ba.

"Me ta ce?" in ji Baba, yana tsaye a kanta.

"Ta ce ba ta san ta ba. Sai an samo musu tafinta."

Tafintan wata ƙaramar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta gane igiyar. Faifan da ya zo da na'urar tun asali Sakatariya ta lalubo a ƙasan durowa, ya sha ƙarzuwa, kuma ko da lafiyarsa kalau sabuwar kwamfuta ba ta da wurin sa faifai. Sai da Auta ta nemo a intanet ta wayarta, ta sauko da guda biyu ba su yi ba, na uku ya zauna. Ƙarfe goma da rabi ke nan. Baba ya duba agogon bango, ya duba na hannunsa, kamar ɗaya zai yi masa sassauci.

Aka buɗe manhajar na'urar, aka danna wurin haɗawa. Shiru. Aka sake dannawa, ta ce ba ta sami kowa ba.

"To yanzu kuma mene ne? Ba kin ce an sami tafinta ba?"

"An samu. Amma manhajar ƙofa ta ɗaya take ƙwanƙwasawa, ita kuma kwamfuta ta ajiye baƙuwar a ƙofa ta bakwai. Bari in nuna mata hanya."

Ta shiga wani lungu na kwamfutar da Baba bai taɓa sanin akwai shi ba, ta sauya lamba, ta zare igiya, ta kashe komai ta kunna. Wannan karon wani abu ya fito a allo, amma ba lambobi ba ne. Wasu haruffa ne birkitattu, da alamomin tambaya, da 'yan murabba'ai, suna ta zubowa layi-layi. Baba ya dafe kai.

"Shi ke nan, ta haukace. Kin haukata ta!"

"Ba ta haukace ba, Baba. Tsohuwa ce, a hankali take magana, ita kuma wannan da sauri take saurare. Sai na rage mata sauri sun daidaita. Matsalar, ban san saurin da tsohuwar ta saba da shi ba, ɗaya bayan ɗaya zan gwada." Ta ɗago ta dube shi. "Kuma don girman Allah ka fita. Numfashinka a wuyana yake tun safe."

Sakatariya ta ƙunshe dariya, ta ɗauki jakarta ta ce za ta je cin abinci. Baba ya fita yana ƙunƙuni, ya zauna a kan bencin da ke baranda, daf da ƙofa.

A ɗaya ƙarshen bencin Mai Inji ne zaune. Ya sa rigarsa mafi kyau saboda kwamiti, wata fara da aka goge har tana ƙyalli, amma baƙin man inji na nan a gindin farcensa. Ya ce, "Sannu, Baba." Baba ya kafe idonsa a kan bango. Shi a ransa tausayin mutumin ma yake ji, irin tausayin da mai gaskiya kan ji wa wanda asirinsa ke gab da tonuwa. Har ya fara shirya abin da zai faɗa a gaban kwamiti: zai ce a yi wa Mai Inji sassauci saboda yaransa. Ya ji daɗin kansa sosai da wannan tunani.

Sha ɗaya da rabi ta wuce. Sha biyu ta buga. Sha biyu da kwata, daga cikin ofis, sai ga shi ya ji: ƙit-ƙit.

Wani sanyin daɗi ya ratsa Baba tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Wata takwas! Ya gyara zama, ya gyara hula, yana jiran Auta ta leƙo ta ce ya shigo. Ba zai shiga da gudu ba, ba dai a gaban Mai Inji ba. Zai bari a kira shi.

Ba a kira shi ba. Minti biyar, minti goma, ko motsin kujera bai ji ba. Da ya kasa haƙuri ya tashi ya tura ƙofa.

Auta ta riga ta zare igiya tana naɗe ta a yatsunta. Allon kwamfuta ba komai sai hoton duwatsun da Sakatariya ta sa. Magulmaciya na kan tebur, kife.

"Ta ƙi, Babana," in ji Auta. "Na gwada duk dabarar da na sani. Ina jin ƙwaƙwalwarta ce ta lalace."

Tun tana 'yar shekara biyar, idan za ta yi masa ƙarya Babana take ce masa, kuma farcenta take kallo. Yanzu ma farcen take kallo. Baba ya mayar da ƙofa ya rufe a hankali.

"Na ji kukanta," ya ce.

"Kukan batir ne, ya yi sanyi."

"Auta. Shekara goma sha ɗaya ina kai na'urar nan wurin kwamfuta. Kukan batir ɗaya ne, mai tsawo. Wannan biyu ne. Buɗe mini."

"Baba, ka bar shi haka. Idan babu takarda ba wanda zai taɓa ka, shekarunka sun isa su tsaya maka."

"Na ce ki buɗe."

Ta buɗe. Zane ne ya fito, layi ɗaya shuɗi yana tafiya daga hagu zuwa dama, ranaku jere a ƙasansa. Wata guda kawai na'urar ke iya riƙewa, kuma kusan duk watan layin na kwance a kan huɗu, yana ɗan motsi sama da ƙasa, gwanin kyau, aikin Baba ke nan. Can kusa da ƙarshe sai ya ɗaga kai ya fara hawa. Baba ya sunkuya, ya ɗora yatsa a daidai inda hawan ya soma, ya bi ƙasa da yatsan don ya ga ranar. Yana neman Lahadi.

Juma'a ce. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

"Agogonta ne ya rikice," ya ce. Muryar ba ta yi kama da tasa ba.

"Na duba, Baba. Da suka daidaita da kwamfuta, minti uku kacal ne tsakaninsu."

Layin bai yi gardama da kowa ba, hawa kawai yake. Kafin safiyar Asabar ya tsallake takwas. Da tsakar ranar Asabar ya kai ashirin. Lokacin da aka ɗauke wuta ranar Lahadi, allurar ta yi kwana guda da mutuwa. Ko janareta goma Mai Inji ya tayar, ba abin da zai kai ga firjin da ba a jona ba.

Sai a lokacin Baba ya ga abin da idonsa bai gani ba ranar Juma'a. Bayan firjin duhu ne, matsattse, hannu kawai ke shiga. A gefe akwai mataccen firji da ya shekara yana jiran gyara, filoginsa na reto a can baya, baƙi, mai ƙafa uku, irinsu ɗaya sak da na mai rai. Direba na ta hon. Ya zura hannu, ya kamo filogi, ya soka. Gurnanin da ya ji kafin ya kulle ƙofa, na firiza ne.

Ya zauna a kujerar Sakatariya. Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, har kunnuwansa. Baƙin ciki ya biyo baya. Da sakaci ne ma da sauƙi. A'a, don ya damu ne, don su sun yi watsi da wasiƙunsa shi kuma ya kasa yin watsi, ya kinkimo tsohuwar kwamfuta a kafaɗarsa yana haki. Da ya yi zamansa kamar kowa ya ce ba ruwansa, da yanzu allura na cikin jikin yara. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Auta ta durƙusa a gefen kujerar, ta rage murya.

"Baba, saurare ni. Ban ajiye komai a kwamfuta ba tukuna. Ga wani maɓalli nan, idan na danna zai share na'urar tas, ta koma kamar sabuwa. Kowa ya san wata takwas ba ta aiki. Daga ni sai kai."

Kada a yi wa Baba ƙaryar waliyyai: ya so. Ya so ƙwarai. Ya kalli maɓallin, ɗan ƙarami ja, ya tuna matarsa da za ta tambaye shi yadda aka ƙare, ya tuna direbobin da ya cika wa kunne shekara da shekaru, da yadda za su ƙyafta wa juna ido. Shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa, a yi masa taro a ba shi agogon bango. Shi kuwa Mai Inji yaro ne a kansa, zai sami wani wurin. Har bakinsa ya fara buɗewa.

Idonsa ne ya sauka a ƙarshen layin, inda ya karye ya fara gangarowa.

"Nan fa?" ya ce. "Yaushe ne nan?"

Auta ta matsa da kibiya. "Litinin, takwas da minti ashirin da biyar na safe. Nan firjin ya sake samun wuta."

Takwas da kwata Baba ya buɗe ɗakin. Takwas da ashirin da biyar yana ofishin Manaja yana ɗaga jijiyar wuya, ƙofar ɗakin sanyi a wangale. Wani ya shiga a bayansa, ya leƙa bayan firji, ya ga abin da ke nan, ya zare filogin matacce ya mayar da na mai rai. Mutum ɗaya ne a ma'ajiyar da in an ce abu ba ya aiki, waya yake fara bi.

Baba ya ɗauke idonsa daga jan maɓallin. Sannan ya ce, "Ajiye shi a kwamfuta. Ki buga mini a takarda, kwafi biyu."

"Baba..."

"Injiniya, yi abin da na ce."

Bai ƙara da kusoshi ba. Ta lura, kuma hakan ne ya sa ta kuka. Tana share ido da gefen mayafi ta aika wa firinta, firinta ta yi ta jan numfashi kafin ta tofo takardu biyu masu ɗumi.

A baranda Mai Inji na nan inda yake. Baba ya tsaya a gabansa da takardun a hannu. Mai Inji ya miƙe, don bai saba zama Baba na tsaye ba.

"Kai ka mayar da filogin?"

Mai Inji ya dubi takardun, ya dubi ƙasa. "Ni ne, Baba."

"Tun Litinin ka sani."

"Tun Litinin."

"Na tsaya a fili na ci mutuncinka gaban 'yan dako, kana da wannan a bakinka. Me ya hana ka faɗa?"

"A fili, Baba? Gaban yara?" Ya girgiza kai. "Na ce gara in same ka kai kaɗai, ka san yadda za ka ɓullo wa abin da kanka. Sau biyu na zo. Ba ka bari na buɗe baki ba."

"To yau fa? Da kwamiti za ka faɗa wa?"

Mai Inji ya yi wani ɗan murmushi da ba na daɗi ba. "Da na faɗa. Ina da yara, Baba, dole in faɗa. Amma kai ma ka san ba wanda zai ɗauki maganata ya bar taka. Tun jiya na kwashe kayana daga ɗakin inji."

Ban haƙuri ya yi ƙanƙanta, kuma Baba bai iya ba, bai taɓa koyo ba. Sai ya miƙa masa kwafi ɗaya ya ce, "Riƙe wannan. Ko da za su ce tawa ta ɓata."

Kwamitin bai kai minti ashirin ba. Mutum uku ne, sun zo da shirin doguwar shari'a, sai ga mai laifi ya kawo musu shaida da hannunsa. Shugabarsu ta karanta takardar, ta tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya ce ya rubuta wasiƙa uku a kan na'urar. Ta ce wannan wata magana ce daban, ba ita suka zo yi ba. Manaja ya ɗan matsar da kofin shayinsa ya rufe abin da ke ƙarƙashi. Aka gode wa Baba bisa gaskiyarsa, aka ce ya miƙa mabuɗi kafin a tashi.

Da suka fito Manaja har da fara'a. Ya tare Auta a baranda ya ce, "Ke ce kika sa ta yi magana? Kai, madalla! Don Allah kafin ki tafi ki rubuta mana yadda ake yi, ɗaya bayan ɗaya, saboda wanda zai karɓi ɗakin." Auta ta dube shi kamar ta kai masa mari. Baba ya ce mata, "Rubuta musu. Ki rubuta har da saurin da take so." Ta koma ofis ta ja kujera da ƙarfi.

Shi kuma ya zaro zoben mabuɗansa daga aljihu. Mabuɗin ɗakin sanyi na tsakanin na gidansa da na akwatinsa, shekara ashirin da biyu bai taɓa fita daga zoben ba. Ya sa farce zai buɗa zoben, ya ƙi. Ya sake gwadawa, farcen ya karye. Manaja na tsaye da tafin hannu a buɗe yana jira, direbobi na leƙe daga fili.

Mai Inji ne ya matso, ya karɓi zoben daga hannun Baba. Ya sa baƙin farcensa ya buɗa shi, ya zagayo da mabuɗin ya fitar. Bai ba Manaja ba. A tafin Baba ya sa shi, don ya miƙa da kansa.